Muryar wa muke ji a labarai? Fashin baƙi kan rabon mata da maza a kafofin labaran Yamai

Duk shekara idan 8 ga Maris ta zo, ko 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, gardamar takan dawo a fadoji da zaurukan WhatsApp na Yamai. Ƙungiyoyin mata ƴan jarida su ce ba a jin muryar mata a labarai. Sai wani ya ajiye kofin shayinsa ya ce: "Wace murya kuma? Kunna Télé Sahel da dare, mace ce ke karanta labarai. Murɗa rediyo, mace ce. Me ya rage, a cire musu eriyar su tafi da ita gida?" A yi dariya, a shiga wata hirar.

Mai wannan magana bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Sai dai shi da matan ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Shi yana kallon bakin da ke karanta labarin, su kuma suna maganar bakin da aka je aka tambaya kafin a rubuta shi.

Lissafi uku ne, ba ɗaya ba

Na farko shi ne masu gabatarwa, wato fuskar da ke bayyana a talabijin da muryar da ke cewa "ga labaran". Nan mata suna da yawa, ba a Nijar kaɗai ba.

Na biyu shi ne masu ɗauko rahoto da masu yanke shawara a ɗakin labarai: wanda ke cewa yau kai za ka fadar gwamnati, ke kuma ki je bikin raba gidan sauro, wanda ke zaɓen labarin da za a buɗe da shi da wanda za a jefar idan lokaci ya ƙure. Mai gabatarwa tana karanta abin da aka miƙo mata ne. Kujerar da ake yanke hukunci a kanta ba ta fitowa a kyamara.

Na uku shi ne majiya: mutanen da ake miƙa wa makirufo, ko a ambaci sunansu a ce "in ji wane". Nan gizo ke saƙa. Kuma ko a cikin majiyar akwai hawa-hawa. Akwai wanda ake tambaya "me ya same ka?", akwai wanda ake tambaya "me ya jawo haka, kuma mece ce mafita?". Tambaya ta farko ta wanda abu ya shafa ce, ta biyu ta masani ce. Ka saurari rahoton ambaliya ko na tsadar abinci: mace za ta fito da goyo a baya ta ce ruwa ya cinye ɗakinta, sannan a koma wani ofis mai sanyi inda namiji zai yi bayanin dalili. Idan ƙidayar kai za a yi, an yi kunnen doki, mace ɗaya namiji ɗaya. Amma abin da mai sauraro ya tashi da shi shi ne mace kuka ta sani, namiji kuma ya san dalili.

Abin da ƙidaya ta nuna

Tun 1995, shekarar babban taron mata na duniya a birnin Beijin, akwai wani shiri da ake kira GMMP. Duk bayan shekara biyar ana ware rana guda, masu sa kai a ƙasashe da dama su zauna su bi labaran rediyo da talabijin da jaridu na wannan rana, suna ƙirga wa ya yi magana, a wane matsayi, kuma wa ya ɗauko rahoton. A 1995, mata kashi 17 cikin 100 ne na mutanen da ake ji ko ake ba da labarinsu. A 2005 suka kai 21, a 2010 da 2015 suka tsaya a 24, a 2020 da aka yi ƙidayar a ƙasashe 116 suka zama 25, a 2025 kuma 26. Shekara talatin, ƙarin maki tara. Tafiyar hawainiya ma ta fi haka sauri.

A ƙidayar 2020 ɗin, nahiyar Afirka ta tsaya a kashi 22. Cikin waɗanda aka gabatar a matsayin masana, mata kashi 24 ne, bayan sun kasance 19 a 2015. Rahotannin da mata suka ɗauko kuwa sun kai kashi 40. Wato mata masu riƙe makirufo sun fi mata masu magana cikinsa yawa nesa ba kusa ba.

Waɗannan alƙaluma na duniya ne, kuma hoton rana guda ne. Mai son alƙaluman Yamai ba sai ya jira kowa ba. Biro da takarda sun isa: ya zauna gaban labaran ƙarfe takwas da rabi na dare, ya ja layi biyu, ya riƙa yin alama duk lokacin da aka ba wani baki, ban da mai gabatarwa. Mako guda ya ishe shi ya daina gardama a fada.

Me ya sa wayar ke ƙara a aljihun namiji?

Ba na jin akwai wani shugaban ɗakin labarai a Yamai da ke tara ma'aikatansa da safe ya ce kada a tambayi mata. Da haka ne da gyaran ya zo da sauƙi, sai a canza mutum ɗaya. Abin ya fi haka zurfi, domin yana cikin yadda ake aikin kansa.

Labaranmu labaran muƙami ne. Minista ya buɗe taro, gwamna ya kai ziyara, babban sakatare ya karanta jawabi, sarki ya yi kira. Ɗan jarida yana bin kujera, kuma mafi yawan kujerun maza ke kansu. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 na kujerun zaɓe da kashi 25 na manyan naɗe-naɗe. A 2014 aka ɗaga na zaɓe zuwa 15, a 2019 aka mai da su 25 da 30. Wannan ya samar da mata ƴan majalisa da kansiloli waɗanda ɗan jarida ke iya kira. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 majalisar dokoki ta tafi, a Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi aka naɗa kantomomi, yawancinsu masu kaki. Ko me mutum yake gani game da siyasar abin, sakamakonsa a kan majiyar labarai a fili yake: lambobin wayar mata da yawa sun fita daga lissafi a dare ɗaya. Ga kuma labarin tsaro da ya mamaye komai, fagen da kusan duk masu izinin magana a kansa maza ne.

Sai agogo. Ɗan rahoton rediyo mai zaman kanta yakan fita da safe a kan moto, da man da bai fi na zagaye biyu ba, kuma dole muryoyin su shiga kafin labaran rana. Wa zai kira? Wanda ya ɗaga waya jiya. Akwai wasu mutane a Yamai, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, da kowane gidan rediyo ke da lambarsu. Yau su yi sharhi kan kasafin kuɗi, gobe kan rikicin Gabas ta Tsakiya, jibi kan cutar sanƙarau. Ba sa cewa "bari in duba", ba sa cewa "ba fannina ba ne". Ɗan jarida yana son su domin ba sa ba shi kunya. Duk fitar da suka yi tana ƙara musu suna, sunan kuma yana ƙara jawo musu kira. Haka littafin lambobin waya ke gadon kansa: sabon ɗan jarida ya kwafa daga na tsoho, tsohon ma daga wanda ya koya masa aiki ya kwafa.

Akwai kuma maganar da ba a cika son faɗa ba. Kaso mai yawa na abin da ake kira labari a birnin nan tarukan bita ne a otal-otal, wanda mai taron ke gayyatar ƴan jarida ya ba su kuɗin mota. Wanda ya biya kiɗa shi ke zaɓen mai rawa. Masu magana su ne na babban teburi. Matan da aka ɗebo daga ƙauye domin taron, waɗanda a kansu aka nemo kuɗin, kyamara takan bi ta kansu a hankali suna zaune da zane iri ɗaya, ba a ji ko tarinsu ba.

Harshe ma yana tace mutane. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 14 ne kacal na mata masu shekara 15 zuwa 49 ke iya karatu, maza kuma kashi 42. Idan sharaɗin zama "masani" shi ne iya zuba Faransanci, to an rufe ƙofa ga mafi yawan matan ƙasar tun kafin a fara. Shi ya sa shirye-shiryen Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, irin waɗanda Studio Kalangou ke yi tun 2016 da na rediyon karkara, suke da damar da labaran Faransanci ba su da ita. Amma dama ce kawai. Sau da yawa labaran harsunan gida fassarar na Faransancin ne, da mutanen nan dai da aka riga aka ji.

Na ƙarshe, wanda ƴan jarida suka fi kafa hujja da shi: matan ne ke ƙi. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa yin abin da muke kira "mikro-trotuwar", wato jin ra'ayin jama'a a bakin titi, ya san shi. Ka tsaya a kasuwar Katako ko ta Wadata da makirufo, maza za su kewaye ka har da masu turo kai. Mace kuwa ta ja mayafi ta ce "sai na tambayi maigida". Likita mace ta ce sai da izinin shugabanta, alhali abokin aikinta namiji ya yi magana ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Sai dai a tambaya, me take tsoro? Namiji idan ya yi kuskure a rediyo, a ce ya yi kuskure. Mace idan ta yi, ko ma ba ta yi ba, a yanko hotonta a watsa, a yi sharhi kan ɗaurin kallabinta da aurenta, kafin magariba maganar ta kai gidan surukai. Ƙin da take yi lissafi ne, kuma lissafinta daidai ne.

"Babu su" ko "ba a neme su ba"?

Wannan ƙasa ce da Fatimata Bazai Salifu ta jagoranci kotun tsarin mulkin da ta ƙi amincewa da tazarcen Tanja a 2009. Ƙasar da Buli Ali Diallo ta shugabanci Jami'ar Abdu Mumuni, da Aishatu Mindawdu ta riƙe ma'aikatar harkokin waje ta kuma wakilci Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodebuwa. Ginin Hikma na Dandaji a jihar Tawa, inda aka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu aka gina sabo kusa da shi, akwai hannun Mariam Isufu Kamara a zanensa. Waɗannan su ne sanannu. Bayansu akwai alƙalai da lauyoyi da likitocin dabbobi da malaman jami'a da ba a taɓa buga wa waya ba.

Amma ni a ganina ko wannan jeri bai taɓo asalin kuskuren ba, domin yana nan dai a kan cewa masani shi ne mai digiri. Lokacin da nake ɗauko rahoto a wani gidan rediyo, an taɓa aika ni kan tashin farashin hatsi. Na yi hira da ƴan kasuwa biyu da wani jami'i, na koma ina jin na yi aiki. Da dare gwaggota ta kira daga Tawa. Ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba ta ce: "Ɗan nan, na jiya ka ga radiyo. Alhazzan da kat tambaya buhu su ka saye. Mu da mu ka awon tiya, wa yat tambaye mu?" Ta lissafa mini yadda tiyar ta hau mako bayan mako, da yadda masu awo suka fara rage tozon kwanon maimakon ƙara kuɗi, abin da babu ɗaya cikin mutanena uku da ya ambata. Ba don sun ɓoye ba. Ba su sani ba ne.

Idan aka ƙara mata ƴan jarida, an gama?

Yana taimakawa, amma bai isa ba. A ƙidayar 2020, cikin rahotannin da mata suka ɗauko kashi 31 na mutanen da aka ji mata ne, a na maza kuma 24. Akwai bambanci, sai dai ko a hannun mace, kusan bakwai cikin goma na masu magana maza ne, tunda ita ma littafin lambobin nan ta gada, agogon nan ke korar ta.

Inda ƴar jarida ta yi zarra shi ne shiga. Tana iya yin sallama ta wuce zaure har ɗakin uwargida, ta zauna a ɗakin haihuwa, ta ji maganar da ba za a taɓa faɗa wa namiji baƙo ba. Gidan rediyon da ba shi da mace mai fita rahoto ya yafe rabin gari ke nan.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Mariama Keita, wadda ake ɗauka mace ta farko ƴar jarida a Nijar, ta yi aiki a Muryar Sahel, ta kuma shugabanci hukumar kula da kafofin sadarwa ta CSC daga 2003 zuwa 2006, kafin rasuwarta a 2018. Ƙungiyar mata ma'aikatan kafofin sadarwa ta APAC ta daɗe tana wannan fafutika. Ƴan mata suna shiga makarantar koyon aikin jarida. Tambayar ita ce nawa ne ke saura cikin aikin bayan shekara goma. Abubuwan da ke korar su: aikin dare, albashin da ba ya zuwa kan lokaci a gidaje masu zaman kansu, aure da goyo, da al'adar tura mace shirin girki da lafiyar iyali a bar wa maza siyasa da tattalin arziki, wanda kuma daga nan ake zama shugaba. Ga haɗari: ƴar jarida Samira Sabu ta yi makonni a gidan kason Yamai a 2020 ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019, aka sake kama ta a ƙarshen Satumban 2023. Maza ƴan jarida ma ana kama su, amma idan mace ce, iyayen wasu ƴan matan ɗari ne ke cewa "kin gani ko?".

Masu ja da maganar

Akwai masu cewa aikin jarida madubi ne: idan ministocin maza ne, ba laifin madubi ba ne. Rabin maganar daidai ne. Ba wanda ya ce idan shugaban ƙasa ya yi jawabi a nemo mace ta maimaita. Amma bayan jawabin, wanda za a tambaya ya fassara shi, da wanda za a tambaya yadda zai shafe shi, zaɓin ɗan jarida ne. Madubi ba ya zaɓen inda zai kalla, ɗan jarida kuwa kullum zaɓe yake yi.

Akwai masu tsoron a sa mace don kawai mace ce, ko ba ta san abin ba. Tsoro ne mai tushe, kuma na taɓa jin shirin da aka yi haka, bai yi daɗin ji ba. Sai dai abin mamaki, ba a taɓa yi wa masu sharhin nan na kowane fanni wannan bincike ba.

Akwai masu kawo addini, su ce muryar mace al'aura ce. Malamai sun yi magana a kai, kuma da yawansu ba su tafi a kan haka ba. Hadisai nawa aka karɓo daga bakin Nana A'isha? Nana Asma'u ƴar Shehu ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. A Yamai ɗin nan malamai mata sun daɗe suna wa'azi a rediyo da talabijin, ana sauraro ana ƙaruwa.

Masu cewa ajandar Turawa ce kuwa, a tuna musu 13 ga Mayun 1991. Matan Yamai ne suka fito titi saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, har aka ƙara musu kujeru. Ba daga Faransa aka aiko su ba.

Me ruwan talaka?

Ruwansa shi ne labarin da ba a tambayi mai shi ba yakan fito da rami a tsakiya. A Adar, idan an gama girbi, maza da yawa sukan tafi bida, Kodebuwa, Najeriya, Libiya. Watanni gari na hannun mata da tsofaffi. Aikin farfaɗo da ƙasa na yankin Keita da aka fara a 1984, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu suka haƙa ramuka mata ne. Ɗan jaridan da ya je ƙauye a watan Maris ya yi hira da maigari da limami ya juyo, ya ji daga waɗanda ba sa zuwa rijiya ko rijiyar na ba da ruwa.

Haka batun kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, wanda aka fara a 2006. Jami'i zai ce kyauta ne, kuma a takarda haka yake. Wadda ta san ko an ce mata "magani ya ƙare, je ki saya" ita ce uwar da ta kwana a likita da yaro mai zazzaɓi. Idan ba a ji daga gare ta ba, hukuma ma ba za ta san inda tsarin nata ke yoyo ba.

Sannan akwai yarinyar da ke aji shida tana jin rediyo tare da mahaifinta. Abin da take koya game da wanda ake tambaya "me ya sa", ba a allo aka rubuta mata shi ba.

Abin da ake iya yi ba tare da jika ɗaya ba

A 2017 wani mai gabatar da shiri a BBC, Ros Atkins, ya sa abokan aikinsa su riƙa ƙirga baƙin shirinsu kullum, su duba jimilla a ƙarshen wata. Sharaɗi biyu suka kafa: ba a ƙirga wanda labarin ya tilasta a ji, kamar shugaban ƙasa, sai wanda su suka zaɓa, kuma wanda ya fi sanin abu shi ke shiga, mace ko namiji. Dabarar ta bazu zuwa ɗaruruwan shirye-shirye. Ba ta buƙatar komai sai takarda a manne a bango, da shugaban da zai tambaya ranar Litinin.

Sauran aikin na ranar da babu gaggawa ne. Ba a neman sabuwar majiya saura minti arba'in labarai. Ana zuwa a gaisa tun kafin a buƙace ta, a gaya mata tambayoyin, a bar ta ta zaɓi harshen da take so, a yarda ta aiko da saƙon murya idan ta sauke tukunya, a kuma cika alkawari idan an ce ba za a sa hotonta ba. Wadda ta ƙi yau takan yarda a karo na uku, idan ta ga abin da aka yi da muryar ƙawarta.

Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, da suka faro daga Maradi a 1991, suna nan a unguwanni da ƙauyuka, kowace da shugaba da ma'aji waɗanda suka saba magana gaban mutane da riƙe lissafi a ka. Bayan wayar gwaggota na buɗe sabon shafi a littafina, lambarta ce ta farko. Har na bar aikin ba ta taɓa yarda na ɗauki muryarta ba. Amma ta haɗa ni da ma'ajin asusunsu, wadda ta riƙa gaya mini farashin tiya duk ranar Lahadi bayan an tashi kasuwar Tawa, wani lokaci har ta gyara mini lissafin da na karanta a makon da ya wuce.